Mai Wankin Faifai na Shubra

A unguwar Shubra ta birnin Alƙahira, a hawa na uku na wani tsohon bene wanda matakalarsa ta siɗe a tsakiya saboda sawun mutane, Ustaz Fikri Dumyaɗi ya zauna shekara arba'in da ɗaya. Siririn mutum ne mai ɗan ranƙwafawa, ba a taɓa ganin tabo a rigarsa ba. Ya yi shekara talatin da shida a bayan kantar wani kemis yana haɗa magani, yana auna gari a kan sikelin da bai fi tafin hannun jariri ba. Har ya ajiye aiki bai bar ɗabi'ar wurin ba: ya wanke hannu kafin ya taɓa abu, ya sake wankewa bayan ya taɓa.

Abu biyu aka san shi da su a layin, tsafta da faya-fayan yara. Ƙananan faya-fayan garmaho ne, irin waɗanda aka buga zamanin da talabijin yake baƙi da fari: waƙoƙin buɗe shirye-shiryen yara, na wasan 'yartsana, na koyon ƙirga da baƙaƙe, na fitilun azumi, da tatsuniyoyin da wata murya mai kauri take karantawa, ana kaɗa ƙararrawa in za a juya shafi. Rigunansu na kwali ne, masu zanen agwagi da jirgin ƙasa da farin wata yana murmushi. A bayan wasu akwai sunan yaron da ya taɓa mallakarsu, an rubuta da fensir, baƙaƙen sun karkace. Sun haura dubu biyu, duk a tsaye cikin kabad uku, domin faifan da aka kwantar a zafin Alƙahira lanƙwashewa yake yi.

Allah bai ba Ustaz Fikri haihuwa ba. Maƙwabta sukan haɗa wannan da wancan su gyaɗa kai, su ɗauka sun gano zancen. Rabinsa suka gano.

Sauran rabin yana wurin matarsa, Sitt Awatif. Tana 'yar shekara tara malamar makarantarsu ta kai ta gidan talabijin, aka sa ta cikin yara talatin masu amshi. Shekara uku tana zuwa duk Alhamis, da farar safa, an kama mata gashi gida biyu. A wancan zamani ba a rubuta sunan yara a jikin faifai. A rubuta mai kiɗa, a rubuta wanda ya tsara waƙar, sannan a ce "da ƙungiyar yara", shi ke nan. Wata uku da aurensu suna wucewa ta gaban wani mai tsofaffin kaya, ta tsaya ta nuna wani faifai mai zanen agwagwa, ta ce ai tana cikin wannan. Ya saya. Washegari sai da ya je ya nemo garmahon da za a sa shi. Daga nan abin ya soma.

Yakan sa faifai ya karkata kunne, ita tana ɓare tafarnuwa, ta ce masa tana layi na biyu, gefen hagu, kusa da wata mai majina. Ya ce ya ji ta. Ta ce ƙarya yake, mai majinar ya ji. Gaskiyarta ce. A cikin murya talatin bai taɓa iya tsamo tata ba, ko sau ɗaya.

Akwai faifai guda da take ita kaɗai, kuma ba a taɓa sayar da shi ba. A bazarar 1967 za a fara wani sabon wasan 'yartsana, ana neman yarinyar da za ta ja waƙar buɗewa. Aka gwada uku, aka ɗauki muryar kowace a faifan gwaji, aka zaɓi Awatif. Kafin a shiga ɗaukar gaske yaƙi ya zo ya wuce cikin kwana shida, yayanta Ra'uf bai dawo daga fagen fama a Sina'i ba. Mahaifinsu ya ce ba a waƙa a gidan da bai ga gawar ɗansa ba. Wata yarinya mai suna Nahid ta rera waƙar, tata aka buga, da ita yaran ƙasa suka tashi a kunne. Ustaz Fikri yana da faifan Nahid har guda uku. Sau ɗaya Sitt Awatif ta ba shi wannan labari, tana guga, ba ta ɗago kai ba. Shi kuwa tun daga ranar, duk wanda aka ce masa ya taɓa aiki a gidan talabijin, ko ɗansa, ko mai yi masa shara, sai ya je ya tambayi labarin faifan gwajin.

Kowace Juma'a da sassafe yakan tafi kasuwar tsofaffin kaya da ke bayan maƙabarta, inda kayan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya suke ƙarewa, daga gadaje zuwa tabarau. Bayan salla da abincin rana sai wanki. Yana da wata kwalba mai ruwan ƙasa da ya taho da ita daga kemis, a ciki akwai haɗin da shi ya ƙirƙiro: tataccen ruwa, sifirit mai ɗan yawa, ɗigon sabulu biyu. Ya zuba a tasa, ya tsoma faifai har bakin takardar tsakiya, ya juya shi a hankali, ya bi layukan da burushi mai laushi irin na aski, ya jingine shi a ma'ajiyar faranti ya sha iska. Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ta da ƙofa: allura ba ta hawa faifan da bai yi wanka ba. Ƙura tana cin allura, in ji shi, allura kuma ta ci waƙa. Ba ƙarya ya yi ba. Faifan da ya fito daga hannunsa kamar jiya aka buga shi. Samarin da suka shigo harkar daga baya sun sha hawa benen suna roƙo ya bari su naɗi waƙoƙin a na'urorinsu, don kada su salwanta. Ya ba su shayi, ya dubi yatsunsu, ya ce wata rana.

A kasuwar akwai Ammu Bayyumi, ƙaton mutum mai jallabiyar da ba wanda ya san asalin launinta. Shi ma mai tara faifai ne, yana sayar da waɗanda ba ya so don ya sayi waɗanda yake so. In zai sa faifai sai ya hura shi, ya goga a tumbinsa, in ya ga tabo ya tofa yawu ya murza da babban yatsa. Ustaz Fikri yakan kau da kai kamar an yanka wani abu a gabansa. Shekara talatin suna wannan faɗa. Bayyumi yana kiransa mai wankan gawa, ya ce duk faifan da ya shiga tasarsa yakan fito fes amma ba rai, saura likkafani. Fikri yana ce masa juji mai ƙafafu. Duk da haka in ɗaya bai zo kasuwa ba, ɗayan ba ya jin daɗin shayinsa. Kuma duk faifan da Bayyumi ya miƙa masa, da magana ɗaya yake raka shi: "Don Allah kada ka wanke mini shi." Ya faɗa sau ɗari, ya faɗa sau dubu, har maganar ta zama kamar gaisuwar hanya, wadda ake amsawa ba a saurara ba.

Wata shekara muryar Sitt Awatif ta dushe. Aka ce mura ce, aka sha zuma da lemun tsami. Ba mura ba ce. Likitoci suka cire inda murya take fitowa a maƙogwaro, suka bar mata 'yar ƙofa a gindin wuya, ta nan take numfashi. Takan rufe wurin da gyale mai laushi. An ba ta wata na'ura da ake dannawa a wuya a yi magana. Sau ɗaya ta gwada, ta ji abin da ya fito, ta mayar cikin kwalinta ta ɗora a kan kabad. Ta koma rubutu a littattafan 'yan makaranta masu layi, fensir a ɗaure da zare. Ƙamshi ma ya bar ta, tunda iska ba ta bi ta hanci. Ta ci gaba da dafa mulukiyya, miyar lalonsu, da ido da sabo, shi yake ɗanɗanawa ya ce gishiri ya ji.

Shekara biyu da yin aikin, yana hawa matakala wata rana, ya yi ƙoƙarin tuna yadda take kiran sunansa daga kicin. Ya tuna tana jan ƙarshensa. Sautin ne bai zo ba. Ya tsaya a hawa na biyu riƙe da ledar gurasa har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Da ya shiga gida ya bincika ko'ina, tsofaffin kaset, bidiyon bikin 'yar ƙanwarsa. A bidiyon ana ganin bakinta yana motsi, kiɗa ya rufe. Gida mai faifai dubu biyu, ba inda aka ajiye muryar matar gidan. Bai gaya mata ba. Ita ce wata rana, ba tare da an tambaye ta ba, ta rubuta masa: "Ni ma na manta yadda nake." Ta bar shi ya karanta, sannan ta juya shafin ta rubuta a sayo albasa.

Bayan wata shekara biyun, da shigowar sanyi, ciwon ya dawo. Likitan ya fita da Ustaz Fikri baranda ya yi masa maganar watanni, bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Suka dawo gida a tasi, kowa yana kallon tagarsa.

Juma'a ta uku bayan nan Bayyumi bai shimfiɗa kayansa ba. Yana zaune a kan akwati, ya dafe wata jakar takarda a cinya da hannu biyu. Ya ce wani tsohon injiniyan ɗaukar sauti ya rasu a unguwar Abbasiyya, 'ya'yansa suka sayar wa masu amalanke ɗakinsa kaf, da littattafai da wayoyi da komai, shi kuma ya tsinci wannan a tsakanin jaridu. Ya zaro shi.

Faifai ne. Ya ɗan fi faya-fayan Fikri girma, ya fi su nauyi, ba ya lanƙwasa, ga sanyi a hannu. Ba riga, ba zane. Fuska ɗaya kaɗai ke da layuka. A tsakiya an manna farar takarda da ta koma ruwan shayi, an rubuta da alƙalami: gwaji na biyu, Awatif Abdul-Mu'ɗi, Mayu 67. Duk jikinsa wani farin abu ne mai maiƙo kamar funfuna, ga ƙananan tsagu irin na busasshen kududdufi.

Ustaz Fikri ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a ƙasa, cikin ƙurar kasuwa, da gogaggen wandonsa. Ya tambayi abin da zai bayar. A tsakaninsu musaya ake yi, kuma Bayyumi ya shekara goma sha biyu yana haɗiyar yawu a kan wani jan faifai na Fikri mai tatsuniyar raƙumi. Fikri ya ce gobe zai kawo masa jan, da duk wanda yake so a kai.

"Riƙe jan naka, ka binne shi tare da sauran," in ji Bayyumi. "Wannan na Sitt ne. Ba naka ba ne, ba nawa ba. Ka gaishe mini da ita. Amma saurara, mai wankan gawa, wannan ba irin naka ba ne. Ni ko sa shi ban yi ba, kada in rage mata. Ka sa mata shi yadda yake, da dauɗarsa da komai. Kada ka wanke shi."

"To, juji," in ji Fikri, idonsa yana kan takardar.

"Da gaske nake, Ustaz."

"Na ji."

Bayyumi ya ƙara da wata magana a kan fenti da ƙarfe, amma Fikri ya riga ya miƙe yana kakkaɓe wando. Bayyumi bai taɓa ce masa Ustaz ba sai ranar. Daga baya ya tuna da wannan. A lokacin sunan da ke kan takardar yake karantawa.

Ya yi sallar Juma'a da faifan a cikin rigarsa, bai san abin da liman ya faɗa ba. Da ya isa gida ya same ta a kujerar bakin taga, ta rufe ƙafafu da bargo. Ya ajiye faifan a cinyarta. Ta daɗe tana kallon takardar. Ta bi sunan mahaifinta da yatsa. Sannan ta jawo littafi, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta a sama: "Sa shi."

Ya ce ta dubi funfunar da ke jiki. In aka sa shi haka ba abin da za ta ji sai ƙara kamar ana soya kifi, kuma allura za ta tura dauɗar cikin layukan ta zauna har abada. Shekara hamsin da ɗaya ta jira, rabin sa'a ba zai kashe kowa ba. Da kalmar ta fita ya so ya kamo ta. Ita dai murmushi ta yi, ta rubuta: "Zan ji da ƙurarsa."

"Awatif, so nake ki ji shi kamar ranar da aka ɗauka."

Ta dube shi. Ta san mutumin da ta aura. Ta rubuta ya yi sauri, ta ja layi a ƙarƙashi. Sannan ta nuna masa kabad ɗin kaya da hannu, ya ɗauko mata shuɗin gyalenta na zuwa biki, ta soma canja na wuyanta.

Ya shiga kicin ya tura ƙofa. Ya wanke hannu. Ya zuba haɗin a tasa, ya dubi funfunar, ya ƙara sifirit a kan wanda ke ciki, domin abin da ya sani ke nan tun a kemis: funfuna ba ta jure sifirit. Ya tsoma faifan ya juya, kamar yadda ya yi sau dubu biyu, yana kiyaye takardar kada ruwa ya matso kusa da sunan. Farin abin ya soma tafiya. Baƙin ya fito yana sheƙi, kyakkyawa, har ya yi hamdala. Ya bar shi ya ɗan jiƙa, ya ɗauko burushi.

Da ya ɗora burushin sai ya ji ya kafe kamar a kan ƙaro. Ya ja. Gashin burushin ya fito baƙi, kuma inda ya bi layukan sun shafe, wurin ya zama sumul. Ruwan tasar ya koma launin gahawa. Ya fizgo faifan, ya tara shi a bakin famfo don ya kore sifirit ɗin. Ruwa ya bi tsagun nan ya shiga ƙarƙashi, baƙin ya kumbura ya ɗago kamar yanar madarar da ta tafasa, ya zame, ya bi rariya. Ya sa yatsu ya tare, ya manne a yatsun. Abin da ke ƙasa farin ƙarfe ne, tas, har yana ganin fuskarsa a ciki.

Sai a lokacin maganar Bayyumi ta ƙarasa isowa kunnensa. Ba roba ba ne irin nasa. Farantin alminiyam ne aka shafa wa baƙin fenti, a jikin fentin aka yanka waƙar.

Ya rufe famfo. Abin da ya rage siririn zobe ne baƙi kewaye da takardar, bai kai faɗin yatsa ba, inda ya hana ruwa zuwa saboda sunan. Ya tsaya yana kallonsa. Daga falo ya ji an buga cokali a jikin kofi sau biyu. Haka take kiransa tun da aka yi aikin. Ya ɗaga murya ya ce yana zuwa, sai faifan ya sha iska tukuna.

Ya wanke hannu da sabulu, ya dirje da soso. Baƙin ya bar fata, ya ƙi barin ƙarƙashin farce. Kicin ɗin ya cika da warin fenti. Ya tuna ba ta jin wari, sai ya ji kunyar daɗin da tunawar ta yi masa.

Kabad na uku yana lungun da ke tsakanin kicin da falo, kuma a nan faifan Nahid yake, uku a jere. Waƙa ɗaya ce. Yarinya ce 'yar sha biyu, kamar waccan. Shekara hamsin da ɗaya ba kwana hamsin ba ne, kuma ita da hannunta ta rubuta cewa ta manta. Ya zaro ɗaya, ya cire masa riga, ya manna shi a ƙirji ya shiga falo a kaikaice. Garmahon yana cikin akwatin katako mai murfi. Ya ba ta baya ya ɗora faifan, ya sauke allura, ya rufe murfin. Mutumin da ya shekara talatin da shida bai taɓa ba wa kowa wani magani a madadin wani ba.

Waƙar ta tashi tas, ba ƙara ko ɗaya, domin shi ya wanke faifan da hannunsa. Siririyar murya tana kiran yara su taru, labule zai buɗe. Sitt Awatif ta rufe ido. Yatsanta yana bugun bargo daidai da kiɗan, leɓunanta suna motsi, ba ta ɓata kalma ko ɗaya ba. Ta saurara har ƙarshe, har allura ta shiga zagayen da ba komai tana ƙas, ƙas.

Ya tambaye ta ko ta ji kanta. Muryarsa ta fito daidai.

Ta yafito shi. Ya zo ya durƙusa a gaban kujerar. Ta kama hannunsa na dama ta juya, ta kai shi wajen hasken taga, ta dubi faratan ɗaya bayan ɗaya, kamar malama tana duba 'yan aji da safe. Ta saki hannun a hankali, ta ɗauki fensir.

"Nahid ce. Nawa piyano ne kaɗai, ba ganga."

Ya buɗe baki. Ta ɗaga masa yatsa, ta ci gaba da rubutu.

"Kawo nawa."

Ya je ya kawo. Ta riƙe farantin da hannu biyu, ta ga fuskarta a ciki, ta gyara zaman shuɗin gyalen kamar mai duba madubi. Sannan ta taɓa baƙin zoben da kan farce, ta nuna garmaho.

Ya ce bai bushe ba, ya yi laushi, allura kankare shi za ta yi, sau ɗaya kaɗai zai yiwu. A bari zuwa gobe. Ko a kai wa Bayyumi, ko a nemi wani masani a gari. Ta ɗora yatsa a kan abin da ta rubuta tun farko a saman shafin. Ba ta sake rubuta shi ba.

Wannan karon a buɗe ya bar murfin. Ya sauke allura a bakin zoben. Ƙara ta cika ɗakin kamar ruwan sama a kan kwano. Yana gani allura tana tafe, wani baƙin zare yana nannaɗowa a bayanta. A cikin ƙarar piyano ya yi bugu na ƙarshe ya mutu. Sai muryar wani namiji, can nesa: "Madalla. Kin gaji, 'yata?" Sai wani ɗan sauti gajere, kamar an ja iska za a amsa. Sai allura ta faɗa kan ƙarfe ta yi ƙuwwa, ya ɗage ta.

Duka bai kai ƙirga goma ba. Zoben ya tafi.

Sitt Awatif ta sa hannu a kan gyalen, daidai gindin wuya. Ta daɗe haka. Sannan ta rubuta kalma biyu ta juyo masa littafin: "Ni ce."

Shi dai ya ji namijin, ya ji piyanon. Ɗan sautin kuwa, kunnensa na ɗan saba'in ba zai iya rantsewa ba ko numfashin yarinya ne ko kukan allura. Ya ce mata ya ji ta sarai. Ya jira ta rubuta masa cewa ƙarya yake, kamar da. Ba ta rubuta ba.

Da la'asar ta rubuta masa ya ɗumama miya. Ba ta sake tada zancen ba, ko da kallo. Ya yi ta jira ta tada shi. Sai bayan kwana uku, yana miƙa wa maƙwabciyar hawa na biyu tukunyarta, ya ga waya a hannunta, ya tuna cewa irin waɗannan wayoyin suna ɗaukar sauti, kuma matakala goma sha takwas ce kawai tsakaninsu.

Ta rasu bayan mako shida, ranar wata Talata da hantsi, fensir ɗin yana rataye a jikin littafin.

Ammu Bayyumi ya zo ta'aziyya da wankakkiyar jallabiya, har wasu 'yan kasuwar ba su gane shi ba. Ya zauna kusa da Ustaz Fikri a rumfar da aka kafa a layi, aka ba shi gahawa ba sukari. Da mai karatu ya tsaya hutawa ya karkato ya tambaya a hankali:

"Ta ji?"

"Ta ji."

"Alhamdu lillahi. In an kwana biyu zan hawo benen nan naka in ji ni ma. Sau ɗaya kawai, ba zan taɓa da hannuna ba."

Ustaz Fikri ya dubi tafin hannunsa. Baƙin ya daɗe da fita, ya yanke faratan har sau biyar. Bayyumi ya bi hannun da kallo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye kofin a ƙarƙashin kujera, bai shanye ba, ya zauna har aka tashi. Bai hawo benen ba. Tun daga ranar Ustaz yake ce masa, kuma duk faifan da ya miƙa masa, shiru yake miƙawa.

Har yanzu Ustaz Fikri yana zuwa kasuwar Juma'a, ko da yake matakalar ta soma yi masa tsawo. Farantin yana cikin rigar faifan nan mai zanen agwagwa, tare da shafi ɗaya na littafin 'yan makaranta, a ninke. In ya ga faifan yara a ƙasa, rana tana dukansa, ba ya iya wucewa, sai ya saya. Ya kawo gida ya tsayar da shi a cikin wani kwali a bakin ƙofa, da ƙurarsa. Kwalbar tana nan a kicin, saura rabi, bai sake buɗe ta ba. Dokar ita ma tana nan yadda take, allura ba ta hawa faifan da bai yi wanka ba. Kwalin ya kusa cika. Maƙwabta sun ce hawa na uku ya yi shiru.